Kwamfutar Ƙanena Ba Ta San Ya Rasu Ba

Malam mai fili,

Ina sanar da kai da dukkan masu karatu cewa a makon jiya, ni da ban taɓa share ko ƙarƙashin gadona ba, na sayi ɗan burushin kakkaɓe ƙura, kuma na yi aiki da shi. Fankar kwamfuta na goge. Ka taimake ni, don abin ba na dariya ba ne.

Kwamfutar ta ƙanena ce. Malamin jami'a ne, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Aikinsa binciken abin da suke kira baƙin rami, wato wani abu a sararin samaniya mai tsananin jan duk abin da ya kusance shi, har haske ba ya kuɓuce masa. Tun da ba a zuwa can, sai ya ƙera nasa ramin da lissafi a cikin kwamfuta, ya zuba masa iskar gas, ya zauna yana kallon yadda take kewayawa kamar faifai kafin ta faɗa. Abin da yake jira shi ne lokacin da faifan zai fara tangal-tangal ya rikice. Ni mai sayar da littattafai ne, na karanta abin da ya sawwaƙa, amma na sha ce masa duk gidanmu shi kaɗai ne ake biya don ya jira rikici.

Kafin a kai shi asibiti ya kunna wani lissafi mai tsawo, ya ce mini, "Yaya, kada a kashe." Ita ce magana ta ƙarshe mai ma'ana da ya yi mini. Har yau kwamfutar tana aiki a ɗakinsa, kusa da tabaransa da kofin da ba wanda ya iya ɗaukewa. Kullum in na rufe shago sai in je in zauna. Ja da ruwan ɗorawa suna ta juyawa a allon kwamfutar, ban fahimci komai ba, amma ina kallo.

Matarsa ta roƙe ni in kashe. Ta ce duk safiya in ta ji ƙugin fankar sai ta ɗauka yana ciki, har ta taɓa haɗa shayi kofi biyu kafin ta tuna. 'Yarsu kuma ta daina bi ta ƙofar. Na ce mata wasiyya ce, da murya mai kaushi. Ba ta musa ba, ta ce, "To, Yaya." Tun daga ranar nan, gaisuwa kawai ke haɗa mu, yarinyar ma ta daina rugowa tana kiran Baffa. In na kashe na ci amanar mamaci, in na bari ina azabtar da masu rai. Ina zan sa kaina?

Babban Wa

Babban Wa,

Allah ya jiƙan ƙanenka, ya ba ku haƙuri. Barka da shiga sahun masu shara, ko da a makare.

Na tambayi wata masaniyar irin wannan aiki. Ta ce masu dogon lissafi irin nasa sukan sa kwamfuta ta riƙa adana inda ta kai lokaci zuwa lokaci, saboda ɗaukewar wuta. Ana iya tsayar da shi, a kwashe, a ci gaba a wata na'ura daga inda ya tsaya. Kusan tabbas abin da ƙanenka ya ji tsoro shi ne a zare waya da ka, aikin ya lalace. Bai ce a tsare matarsa da ƙugi ba.

Ga abin da ba za ka so ji ba. Ko da rikicewar da yake jira ta zo kana zaune, ba za ka gane ta ba. Wataƙila ma ta zo ta wuce kana goge fanka. Abokan aikinsa ne za su gane, kuma a hannunsu ne sunansa zai hau kan sakamakon. Riƙe kwamfutar a ɗaki ba cika wasiyya ba ne, ɓoye ta ne.

Ka kira ɗaya daga cikinsu ya zo ya kwashe aikin yadda ya dace. Kafin nan ka je wurin matar ƙanenka ka ba ta haƙuri, ba tare da dogon jawabi irin namu na masu karatu ba. Ka bar mata zaɓin ranar, da zaɓin wanda zai danna maɓallin. In shirun ɗakin ya yi muku nauyi, kuma zai yi, ku zauna cikinsa tare. Lokacin da kake ba allo kuwa, ka ba yarinyar. Ita ma, kamar lissafin nan, ya bar ta tana aiki bai ga ƙarshenta ba.

Da na ga zancen burushi na gyara zama zan yi maka ba'a har ƙarshen shafi. Na yi kuskure. Allah ya sanyaya zukatanku.