Na Cika wa Dashena Toka

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Wata biyu ke nan kawuna ya samo mini aiki wajen masu dashen itatuwa a daji. Ogan namu ya ce in mun ƙona rassan da aka sare mu barbaɗa tokar a ƙasa, wai abincin itace ce. Ya ba ni layi guda, dashe goma sha biyu. Ni kuwa na ce in dai abinci ne, don me nawa za su ci kaɗan? Sai na zuba wa kowanne bokiti guda a gindi, har da dannawa da ƙafa. Wallahi da zuciya ɗaya na yi.

Yanzu biyar sun yi rawaya, bakin ganyen ya ƙone. Na sauran ma'aikata kuma ban ga sun ƙara ko taƙi ba. Har sun sa mini suna Mai Toka. Ranar Litinin oga zai zagayo, ranar ce zai faɗi wanda za a riƙe. In aka kore ni, da wane ido zan kalli kawu? In rufe da ƙasa in yi shiru? Kuma wai tokar nan tana aiki ma kuwa?

Sabon Shiga

Ɗana, gishiri ma na abinci ne, amma ba a cin sa da ludayi. Oga bai yi ƙarya ba, sai dai ya kamata ya nuna maka da hannu; kai kuma ba ka tambaya ba.

Toka ba ta sakin amfaninta lokaci guda. Ruwan sama na farko yana narkar da ɓangarenta mai zafi, shi ya ƙona maka saiwa da ka tula. Sauran kuwa sannu-sannu yake ratsa ƙasa, yana rage mata tsami, saiwa na tsotsa shekara da shekaru. Shi ya sa na abokanka suka yi shiru: suna ci, ba sa surutu.

Kada ka rufe. Gobe ka kwashe tulin, ka watsa shi nesa da gindi, ka ba su ruwa sosai. Wasu na iya farfaɗowa. Sannan ka je wa oga da bakinka kafin Litinin. Zai fi son ma'aikacin da ƙauna ta sa ya wuce gona da iri a kan mai ɓoye ɓarna.

Allah ya raya dashenka. Sunan Mai Toka kuwa ka riƙe shi, ai ka riga ka biya kuɗinsa.