Wayar kuloci da tsumman zanena

Auta, ɗana na nesa, salamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Hajara? Mu nan Ƙaura lafiya lau, sai zuciya da ba daɗi.

Sabuwar wayar kuloci da ka aiko don motar marigayi babanku, Sale ɗan ƙanwata na ba. Ya rantse mani ya sa ta da hannunai.

Ran Juma'a za mu Zurmi gaisuwar rasuwa, kuloci ya nutse, giya ta ƙi shiga, munka tsaya tsakiyar daji, ka dai san halin hanyar nan yanzu. Wani bakanike mai wucewa ya zaro wayar. Auta, tsohuwar ce! Ga tsumman koren zanena da babanku ya naɗe ta da shi. Ashe noti kurum Sale ya ɗaure, sabuwar tana motar wani.

Yaron da na goya, kullum tuwona shika ci. Ban san da wane baki zan faɗa ma uwatai ba. Ka sa ni addu'a, ka gaishe mani da jikokina.

Tsaya, ana buga ƙofa. Bugun Sale ne, lokacin tuwo ya yi.