Haƙorin Inna da Takardar Hukuma

Asabar, 1 ga Rajab 1373

Kuncin Inna ya kumbura kamar ta ɓoye goro a ciki, amma wai ba komai. Kwana huɗu ke nan tana dandaƙa kanumfari tana cusawa, ɗakin duk ya ɗau warinsa. Na ce Inna haƙori ne, ta ce sanyi ne. Sanyi a Makka, da wannan rana. To.

Na zinariyar nan ne na sama, na sani. Shekara talatin yana bakinta, tun kafin a haife ni. Ni dai ban taɓa ƙaunar abin nan ba. Ina yarinya, da Inna ta yi dariya a wurin tuyar wainarta sai 'ya'yan Larabawan unguwa su ce ga takaruniya (sunan da suke kiran mutanenmu ke nan) mai fitila a baki, ni kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aurena ya zo ta so a sa mini irinsa, na ce a kai kasuwa. Wadda aka haifa a nan unguwar Hindawiyya me za ta yi da shaidar zuwa Makka?

Maigidana Mukhtaru (a takarda dai ina iya kiran sunansa) ya dawo daga Jidda da lorinsa, ya ce hukuma ta sa likitan haƙori a asibiti, Asabar da Litinin, kuma kyauta ne ga mazauna gari. Inna ta ce Allah ya ba masu ciwo lafiya.

Litinin, 3 ga Rajab

Na tafi ni kaɗai in gani da idona. Akwai takarda manne a bango, da Larabci, na karanta ta sau uku. Allah ya ji ƙan Baba da ya koya mini karatu, da yau sai dai in tsaya ina kallon bango. Dubawa kyauta. Wankewa kyauta. Cikewa kyauta. Cirewa kyauta. Can ƙasa akwai wasu layuka ƙanana da wani mai rawani ya jingina a kansu, ban iya cewa ya matsa ba.

Na tambayi katibin da ke rubuta sunaye a bakin ƙofa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce "Kulluh balash," wato duk kyauta ne. Na dawo da murnata kamar wata sakarya. Na ce wa Inna cikewa kawai za a yi, ba mai taɓa mata zinariya.

Laraba, 5 ga Rajab

Ta yarda za ta je, wai don in daina damunta.

Asabar, 8 ga Rajab

Ashe ƙananan layukan nan su ne takardar.

Likitan Bamisire ne, mai sanƙo, hannunsa da sauƙi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da wani ɗan ƙarfe, Inna ta zabura amma ba ta yi ko tari ba. Ya ce ruɓar tana ƙarƙashin zinariyar. Na ce to a cike mana, ai kyauta ne. Ya ce cikewa ta haƙori tsirara ce. Haƙorin da aka yi wa aiki a kasuwa, hukuma ba ta gyara shi, ba ta buɗe shi, ba ta mayar da shi. Abu ɗaya ne nata a ciki, ta cire shi gaba ɗaya, wannan kam kyauta.

Inna da kullum take nuna ba ta jin Larabci sai na ciniki, yau ta ji tas. Kafin in buɗe baki in fassara ta miƙe, ta ja mayafi, ta fice. Sai a bakin titi na cim mata. A hanyar gida kuma takalmina ya tsinke.

Lahadi, 9 ga Rajab

Mun yi faɗa. Na ce mata ƙarfe ne fa, ba ɗa ba ne ba jika ba. Ta dube ni wani irin kallo, ta juya fuska bango. Bai kamata in faɗi haka ba, amma ni ma na gaji.

Yau ba ta yi tuya ba. Masu sayen waina sun yi ta sallama suna komawa.

Litinin, 10 ga Rajab

Na koma wurin katibin nan mai "kulluh balash". Na ce ka ce duk kyauta ne. Ya ce ai duk abin da ke cikin takarda kyauta ne. Na ce abin da ba ya ciki fa? Ya ce wannan ba ya ciki. Wallahi da ba don mutane ba da na kifar masa da tawadar.

Wannan karon na karanta har ƙasa. Zinariya ba ta ciki. Haƙoran roba ba sa ciki. Aikin masu sa haƙori na kasuwa ba ya ciki. Sai dabara ta zo mini: in an ɓare zinariyar a waje, ta zo da haƙorinta tsirara, ya shiga layin cikewa? Ya sosa gemu, ya ce ya shiga. Na sa shi ya maimaita a gaban wata mata.

Talata, 11 ga Rajab

Tsohon Bahindiyen da ya sa mata tun farko yana nan da ransa a lungunsa na kasuwa, da ƙananan awartakansa a jere kan tire. Ya gane aikinsa kafin ya gane Inna. Ya taɓa, ya girgiza kai. Ya ce haƙorin ciki ya zama gari, zinariyar ce ke riƙe da shi, in ya ɓare ta ba abin da zai saura a cike. Kuma shi ba ya sa hannu a baki mai kumburi. Ya ce mu koma asibiti a cire, yau ba gobe ba.

Asibiti sun ce kasuwa, kasuwa ta ce asibiti. Inna kuwa ta dawo har da ɗan murmushi, wai ai kin ga shi bai ce a cire ba. Ya ce mana, Inna. Da Larabci ya faɗa, kuma kin ji.

Alhamis, 13 ga Rajab

Zazzaɓi. Maƙwabciyarmu Maryama ta kawo jiƙon bagaruwa da gishiri, ta kuma kawo shawarar a kira wanzami ya yi ƙaho a kuncin. Na ce duk wanzamin da ya shigo gidan nan da muciya zan raka shi.

Asabar, 15 ga Rajab

Na je neman allurar nan da ake cewa tana kashe ruɓa, ko kumburin ya sauka mu samu sararin lallashinta. Katibi ya ce allura kyauta ce. Na ce alhamdu lillahi. Ya ce ga wanda aka cire wa haƙori. Wato sai an yi abin da take gudu sannan a ba ta abin da zai cece ta. Wanda ya tsara takardar nan ko bai da uwa?

Da na ga ba mafita sai na tambayi abin da tun farko ya kamata in tambaya. In an cire, ina zinariyar take zuwa? Ya nuna mini bokiti mai murfi a ƙofar ɗakin likita. Duk abin da ya fita daga bakin mutum nan yake shiga, a kai a binne. Fita da shi mamnu'u ne, an hana. Na tsare likita yana wucewa, ya ce shi bai ƙi ba, amma dokar tsafta ba tasa ba ce, sai da sa hannun mudir, shugaban asibitin. Mudir kuma bukra. Komai na wurin nan gobe ne.

Lahadi, 16 ga Rajab

Idonta na hagu ya kusa rufewa. Baki ba ya buɗuwa sai kaɗan, kunu nake ɗura mata da ƙaramin cokali. Tsoro nake ji, bari in rubuta shi yadda yake. Tsoro nake ji ta mutu a kan haƙori.

Bayan la'asar ina goge mata wuya da tsumma mai sanyi, na ce Inna don Allah me ke cikin abin nan. Ban yi zaton za ta amsa ba. Magana tana fita da ƙyar, sai na kai kunne.

Ta ce su bakwai suka baro Kazaure da jakuna biyu. Shekara shida a hanya. Jakunan an sayar a Fort Lamy, tasoshin aurenta an ci su a Darfur, zannuwanta sun ƙare a gonar auduga. Wasu sun tsaya a Sudan, wasu ƙasa ta rufe su. Sai ta ce, "Yayanki ma can na bar shi, kusa da Madani, gindin wata bishiya da ban san sunanta ba."

Awwalu take nufi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, a bakin Baba na ji shi. Ko zancensa ban taɓa jin ta yi ba sai yau.

Ta ce kakar audugar da ta biyo bayan rasuwarsa ta yi tsinka kamar mahaukaciya don kada ta zauna ta yi tunani, abin da ta samu ta ƙulle a ƙugu ba ta taɓa ba ko da yunwa. Ranar da suka gama ɗawafin farko ta wuce wurin Bahindiye.

"Duk abin da na taho da shi na binne ko na cinye, Rumasa'u. Wannan kaɗai ya iso. Shi za ki ce su jefa a bokiti?"

Ni ce na ce mata ba ɗa ba ne ba jika ba.

Litinin, 17 ga Rajab

Tun da hantsi na zauna a ƙofar mudir. An ce yana taro, na ce ina jira. An ce ya fita, na ce ga takalminsa nan. Mukhtaru ya ajiye lori ya ɗauko Inna, suka zauna a inuwa, don likita da azahar yake tashi kuma ba za ta kai Asabar a haka ba.

Da mudir ya fito na tare hanya, na manta da duk wata kunya. Na ce ya sidi, takardarku ce ta ce zinariya ba ruwan hukuma da ita. Ba ku sa ta, ba ku gyara ta, ba ku mayar da ita. To abin da ba ruwanku da shi, da wane dalili za ku binne shi? Ku ɗauki ruɓaɓɓen haƙorin, shi ne naku, ku ba tsohuwa abinta.

Ya dube ni, ya dubi katibi, katibi ya dubi silin. Ya ce wa ya koya miki karatu? Na ce ubana. Ya karɓi alƙalami ya rubuta layi biyu: a dafa ta a ruwan zafi, a miƙa wa mai ita.

Na karanta wa Inna layukan, na fassara, ta sa na sake. Sannan ta miƙa wa Mukhtaru hannu ya tashe ta. Likita har ya wanke hannu zai tafi, ya dawo. Na riƙe mata kai. Ban kalla ba, ƙarar kawai na ji. Aka yi allurar, kyauta, tunda yanzu ta cancanta. Aka kawo mana zinariyar a cikin auduga, 'yar mitsitsiya, ko ƙwayar gyaɗa ta fi ta.

Juma'a, 21 ga Rajab

Kumburi ya sauka, ido ya buɗe. Ta ci tuwo. Alhamdu lillahi.

Asabar, 29 ga Rajab

Ta warke amma ba ta dawo ba. Magana sai da hannu a baki. Tanda tana jingine ta yi ƙura. Maryama ta ba da labarin da ya sa kowa dariya, Inna ta datse leɓe ta kalli ƙasa.

Na bi ta asibiti na tambayi haƙorin roba, ko da na san amsa. Katibi ya nuna mini layin da yatsa. Na ce na gani, na haddace.

Da na dawo ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini audugar. Ta ce in kai wa maƙeri ya yi mini ɗan kunne ko in sayar, ita ta gama aikinta. Na ce me zan yi da ɗan kunne ɗaya. Ta ce to ki jefa a bokitin. Haushi ya kama ni, ban san na wa ba.

Alhamis, 11 ga Sha'aban

Azumi ya matso, ban sayi gero ba har yanzu. Mukhtaru yana Jidda.

Shekaranjiya na bi ta kasuwa neman zare, ƙafata ta kai ni lungun Bahindiye. Ba wani abu ba ne. Ɗan kunne faɗuwa yake, ni kuma komai nawa ɓata yake, ko allura ba ta kwana biyu a hannuna. A baki dai ba ya faɗuwa. Bahindiye ya narka zinariyar Inna, ya gwada, ya sa a na sama, na hagu. Da zafi, ba wanda ya gaya mini da zafi haka.

Na shigo gida baki a rufe, na yi ta kai da kawo har ta ce me ya same ki kike cin magani. Na ce ba komai. Ta gani. Ta daɗe tana kallo, ta kama haɓata ta juya ni wajen haske kamar mai duba tunkiya. Ta ce, "Ya sa miki a karkace." Sai ta yi dariya, hannunta biyu suna kan fuskata, giɓin a waje.

Yau da safe ƙamshin waina ne ya tashe ni.

Wata yarinya a bakin famfo ta ƙura wa bakina ido, na buɗe mata shi sosai ta kalla ta ƙoshi. Harshena ya ƙi barin wurin. Yanzu ni ma haƙorin nan nawa ya fita daga takardar hukuma, ranar da ya yi ciwo ba mai cike mini shi. Na sani. Na karanta har ƙasa kafin in je.