Baba Gida da Baba Kyaftin

Malama mai shawara, don Allah ki taimaka mini. Na yi ɓarna da bakina, kuma ba ni zan biya ba, 'yata ce.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Makaranta a aji huɗu na tsaya, shi ma na huɗun malamin ne ya gaji da ganina a na uku ya tura ni gaba. Sauran ilimina a bayan sitiyari na same shi, don na tuƙa tirela har gashin kaina ya gudu ya bar ni da hula.

Babbar 'yata matuƙiyar jirgin sama ce. Uwata nake ce mata. Babu mai shayi, babu mai faci a layinmu da bai sha wannan labari daga bakina ba, har wasu in sun hango ni sai su tuna suna da uzuri. Mataimakiya ce a ƙaramin jirgi, irin mai hanya ɗaya tsakanin kujeru, wanda ke zuwa nan kusa ya dawo. Zane uku ne a kafaɗarta. Mai zane huɗu shi ne kyaftin, shi ke zama a kujerar hagu.

To akwai wani tsohon kyaftin a kamfaninsu, shi ya horar da ita. Tun da ta kama aiki ba mu da hira a gidan nan sai tasa. Kyaftin ya ce, Kyaftin ya hana, Kyaftin ba ya shan sukari. Rannan ta bar wayarta a kan tebur ta yi ƙara, na leƙa na ga an rubuta Baba Kyaftin. Sai shaiɗan ya ce mini in kira ta da tawa in gani. Baba Gida. Ni da na riƙa ɗora ta a cinyata tana murɗa sitiyari tun ba ta iya magana ba, ni ne na gida, kamar ana rarrabe kaji.

Kyaftin ɗin ya taɓa zuwa gaishe ni. Matata ta fito da kofunan da ni ban taɓa shan ko ruwa a cikinsu ba, ta zaunar da shi a kujerata ta bakin taga. Na shirya tsaf in same shi da girman kai in ji daɗi. Mutumin nan sai ya rusuna ya gaishe ni, yana ta ce mini Yaya, ya zauna ya saurari labarin ranar da birki ya ƙwace mini a gangare tun daga farko har ƙarshe, har da tambayoyi. Ban taɓa jin haushin mutumin kirki irin na ranar ba.

Ga inda matsalar take. Aikinsu, yadda ta bayyana mini, layi ne. Ranar da ka shiga kamfani ita ce lambarka, kuma lambar ce ke ba ka komai, daga jirgin da za ka tuƙa zuwa ranar hutunka da lokacin da za ka hau kujerar hagu. Kuɗi kuwa yana wajen manyan jirage masu faɗin ciki, masu hanya biyu tsakanin kujeru, waɗanda ke tsallaka teku. Kamfaninsu ba shi da irinsu, an dai ce an yi oda. Yanzu layi ya kusa kai ta kyaftin a ƙaramin. Sai ga wani kamfani mai manyan jirage ya kira ta. Albashin ya fi nata nesa ba kusa ba, amma za ta koma ƙarshen layi, ta daɗe tana mataimakiya, kuma in aka tashi rage ma'aikata daga ƙasa ake farawa.

Ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa ta zayyana mini duk wannan. Raina ya yi fari, na gyara zama, na ce yau ranar Baba Gida ce. Sai ta ƙara da cewa ta riga ta yi magana da Kyaftin tun makon jiya, ya ce ta zauna inda take, ta karɓi zane na huɗu, in manyan jiragen sun iso su same ta a gaban layi. Tun makon jiya, Malama. Ni ragowa aka kawo mini.

Kafin ta rufe baki na ce ta tafi sabon kamfanin. Na yi jawabi mai tsawo, har da ɗaga yatsa. Na ce Kyaftin ya ci zamaninsa, so yake ya riƙe ta kusa da shi ta riƙa gaishe shi. Wallahi da cewa ya yi ta tafi, da na ce ta zauna, kuma da jawabin ya fi wannan daɗi, don layi kam na san shi. A tasha in ka fita daga layin lodi, ko ƙanin shugaba ne kai baya za ka koma.

Da na gama sai ta ce, "Baba, in kai ka ce in tafi, na tafi. Maganarka tana gaba da ta kowa."

Abin da na daɗe ina son ji ke nan, kuma tun da na ji shi abinci ya daina wuce mini. Ƙarshen watan nan za ta miƙa takardar barin aiki, in ta miƙa lambar ta tafi ke nan. Matata ta gano ni. Ba ta yi mini faɗa ba, sai dai in ta ajiye mini kwano ta ce ga na babban masanin jirage. In na janye, mutumin nan ya ci ni har cikin ɗakina. In na yi shiru, ban san inda nake tura yarinyar ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai wani lungu a zuciyata da ke son in zauna wajen mai shayi in ce 'yata ce ke tuƙa mai tsallaka teku.

Yaya zan yi, Malama?

Tsohon Direba

Amsa:

Baba Direba, na yi dariya, amma ban raina damuwarka ba. Uba ya raini yarinya, sannan ya ga wani ne ake fara kai wa magana, dole abin ya yi ciwo. 'Yarka ta yi kuskure da ta zo maka daga baya, ko da ba da nufin raini ta yi ba.

Sai dai ka lura da abu guda. Kyaftin ya yi magana, kai ka yi magana, ta ɗauki taka ta ajiye tasa. Gasar da kake yi ka riga ka cinye ta. Abin da ya rage shi ne kada 'yarka ta biya kuɗin kofin.

Ba zan ce maka shawarar Kyaftin ce daidai ba, don ban sani ba. Jiragen da aka ce an yi oda suna iya jinkiri, suna iya ƙin zuwa gaba ɗaya, ta tsufa a ƙaramin jirgi tana jira. Wanda ya koma ƙarshen layi da ƙuruciyarsa kuma yana da lokacin hawa. A ɗaya gefen, zane na huɗu abu ne da zai bi ta duk inda ta je, lambar da ta tara kuwa ba a sayenta a kasuwa. Kowace hanya tana da riba da hasara. Shawararka tana iya zama daidai, amma ba don jirgi ka ba da ita ba, kuma ita ba ta san haka ba. A zatonta ubanta ya auna ne.

Don haka kada ka jira ƙarshen wata. Kira ta gobe, ta zauna inda ta zauna rannan. Ba sai ka ce Kyaftin ya fi ka ba. Ce mata haushi ne ya yi jawabin nan, ka janye umarnin, kuma duk wadda ta zaɓa da albarkarka za ta tafi. Ka iya ba da labari, ka ba ta har da na wayar, za ta yi dariya kafin ta yi kuka. Sannan ka yi mata tambayar da ban ga alamar wani ya yi mata ba a duk wasiƙarka: ita me take so? Tana son doguwar tafiya da kwana a waje, ko kujerar hagu da kwana a gida? Ka ba ta labarin layin lodi ma, wannan ilimi ne na gaske da ka hana ta rannan don kawai ya yi daidai da na wani.

In zuciyarka ta ɗauka, ka gayyaci Kyaftin ku zauna ku uku. Wannan karon ka riga shi hawa kujerar taga, kuma ka ce a ba ka naka kofin.

Maganar suna a waya kuwa, ka bar ta haka. Kyaftin zai yi ritaya, kamfani zai iya canzawa, amma duk inda jirgi ya kai ta, babba ne ko ƙarami, in ta sauka gida take nufa.

Allah ya yi mata zaɓi mafi alheri, ya sauke ta lafiya kullum, kai kuma ya dawo maka da daɗin abinci.