Ni Na Rage Wa Rumbun Bayanai Memori, Shi Aka Kora

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni haifaffen unguwar Agege ne, ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai manhajar da mahauta ke karɓar odar nama. Wanda ya kawo ni aikin ɗan layinmu ne, bari in kira shi Yaya Sani, shi ke kula da rumbun bayananmu, inda manhajar ke ajiye duk odar da ta shigo. Komai namu a cikin kwantena yake gudana, wato kowane sashe da ɗan ɗakinsa a kan manyan kwamfutocinmu, kowace an yanka mata iya memorin (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) da za ta ci, tana ƙetarewa tsarin zai kashe ta, babu tambaya. To na rubuta wani sabon sashe ina ɗokin oga ya gani, amma babu wurin ɗora shi. Rannan Yaya ya tashi zai duba mahaifiyarsa a asibiti, ya bar kwamfutarsa a buɗe ya ce, "Ƙanina, abeg sa min ido." Na ga rumbun ko rabin kasonsa ba ya ci, sai na zaftare masa iyaka da sunan Yaya, na ba sabon sashena abin da na rage. Ban shiga saitin rumbun kansa na rage abin da yake ɗiba ba, don haka rumbun bai san an ƙuntata masa ɗaki ba. Me ya hana ni tambaya? Son a yaba mini, wallahi shi kaɗai.

Satin Sallah oda ta yi yawa, rumbun ya cika, a kashe shi, ya tashi, a sake kashewa. Oda ta ɓace, mahauta suka cika mana ofis, wani dattijo yana cewa, "Na yanka shanu, nama na lalacewa, wa zan kai wa?" Oga ya bincika ya ga da sunan Yaya aka shiga aka rage iyakar. "Sani, account ɗinka ne ko ba naka ba?" Yaya ya kalli allon kwamfutar, ya ce, "Oga, ban tuna ba, lokacin hankalina na asibiti. Tunda sunana ne, ni ne." Ina tsaye a bayansa, na bar shi ya ɗauki laifina. Aka sallame shi, aka ba ni kujerarsa.

Satin jiya mahaifiyar ta rasu. Na je ta'aziyya, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yafe min ɓarnar da na bar maka. Ni na daina aikin kwamfuta, ban ƙara yarda da kaina ba. Zan bi kawuna mayanka sayar da fata." Ni yake roƙo in yafe masa, jama'a! Na fito ina kuka, mutane suna zaton na mamaciyar ne.

In na yi magana, aikina ya tafi, kuma ban san da wane ido zan ƙara shiga layinmu ba. In na yi shiru, mutumin da bai taɓa kuskure a aikinsa ba zai ƙare rayuwarsa yana ganin kansa sakarai. Me zan yi?