Man gyaɗar da Inna ta sansana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zagin na riga na yi wa kaina, shawara na zo nema.

Ni ɗan kasuwa ne, man gyaɗa nake sara ina sayarwa a Rano. Ba gado na ci ba. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, mahaifiyata Inna da suyar ƙuli-ƙuli ta rene mu a wani ƙauye na Kibiya. Ni ne ɗan fari, shi ya sa har yau ba ta kama sunana, sai dai "kai wannan". Inna ba ta taɓa sayar da mai ba sai ta ɗiga shi a bayan hannu, ta murza, ta sansana. Akwai lokacin da gyaɗar ta zo da fumfuna, ta ƙi sayar da man gaba ɗaya, muka yi kwana biyu muna shan koko gaya. Na yi ƙorafi, ta ce, "Mutane cikinsu za su zuba, ba a ƙasa ba." A haka na tashi.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, ana ta wa'azin algus da tauye mudu, na fara da jarka biyu a bayan keke. Mutane suna saye don an ce ɗan Inna mai ƙuli ne. Yanzu ina da shago da sito, mata a ƙauyukan Fassi da Zurgu suna matsa mini mai. Wadda ta fi su duka ita ce Hansai ta Fassi, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. To gyaɗa ta yi tsada, abokan sana'a suka koma gauraya mai da wani na kamfani mai araha wanda ba shi da ƙamshi, suna karya farashi, masu saye a wurina suna wuce ni. Zan zauna ina kallo ne? Shekara biyu ke nan ni ma na fara. Da kaina nake haɗawa a sito, ko matata ba ta sani ba. Jarkar gida kuwa tsantsa ce, nakan ɗaura mata jan ƙyalle a mariƙi.

Da azumin bana Inna ta zo wurinmu. Wata la'asar ina sauri na ɗauko wa gida jarka daga sito ban duba ƙyalle ba. Ita ta zauna suyar ƙosan buɗa-baki. Mai ya yi zafi, ta jefa albasa, sai na ga ta tsaya. Ta ɗiga na jarkar a bayan hannu, ta murza, ta kai hanci.

"Kai wannan, wa ya matsa maka man nan?"

Na ce, "Na Hansai ne, Inna."

"Hansai? Wadda na koya wa suya da hannuna? Innalillahi! Ashe cutarka take yi, kai kuma kana zaune baki buɗe?"

Ko a ranta ba ta kawo ni ba. Wannan ne yake ƙona ni. Ban gyara mata ba, na ɗauka maganar za ta mutu a tsakar gida. Bayan sallah ta je ta'aziyya Fassi, ta tare Hansai a gaban mata ta wanke ta tas. Kun san maganar tsohuwar da aka sani da gaskiya. Yanzu ko ƙulin Hansai an daina saye a garinsu.

Hansai ta same ni a shago. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, kai ka san man da nake kawo maka. Ka gaya wa Inna." Tana magana idonta yana kan gangunan kamfani biyu da ke lungun sito. Na ce za mu yi magana. Washegari na aika mata da buhun gyaɗa, ta dawo da shi ko ɗinkin ba ta farke ba, da saƙon cewa sunanta take so, ba gyaɗa ba. Yanzu ta kai magana wurin malamin unguwarsu, ta ce ranar Juma'a bayan an sauko za ta dafa Alƙur'ani a gaban Inna. Inna kuwa ta ce ni zan kai ta, in taho da jarkar a matsayin shaida.

Wallahi wani lokaci haushin Inna nake ji, Allah ya yafe mini. Abokaina suna yin abin da ya fi nawa, suna cin tuwonsu hankali kwance. Ni me ya sa ba zan iya ba? Wace irin tarbiyya ce wannan da ba ta hana ni aikatawa ba, kuma ta hana ni sakewa? Tun ranar da Inna ta sansana man nan ban ƙara haɗawa ba, amma ba zan yi muku ƙarya ba, gangunan suna nan, ban mayar ba. Na iya ciniki, na iya shawo kan kowane irin mutum a kasuwa, amma na kasa haɗa kalma biyar in gaya wa tsohuwar nan.

Tana da hawan jini. Jiya na ji ta tana ce wa matata, "Ni dai ban tara komai ba a duniya, amma na haifi wanda ba ya cuta." In na faɗi gaskiya, wannan abu ɗaya da take taƙama da shi zan ƙwace mata, kuma ita za ta koma Fassi ta durƙusa wa Hansai a gaban matan da ta kunyata ta. In na yi shiru, zan zauna riƙe da jarka ina kallon uwar marayu tana rantsuwa a kan laifina, uwata kuma tana ƙaryata ta.

Yau Talata. Inna har ta sa an goge mata mayafin da za ta saka. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?