Shayin Baba Yana Hucewa

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Hajiya Zainabu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ki cikin rahamarSa.

Inna, wata huɗu ke nan da na fara aikin likitan haƙori a Khartum, ke kuma wata goma sha ɗaya da rasuwa. Na yi kuskure a bakin Baba, kuma ba ni da wanda zan fara faɗa wa sai ke.

Kin san matauni ɗaya ya rage masa a ƙasa, gefen dama. Da shi yake ɗanɗana agashen da yake gasawa a Kasuwar Umdurman kafin ya miƙa wa kowa. Kwana tara da suka wuce ya zo asibitinmu da jallabiyarsa ta Juma'a da abokansa biyu. Ya ƙi kowane likita sai ni.

Kogon haƙorin ya yi zurfi. Da na share ruɓar, sai na hango ja-ja a ƙasa, alamar jijiya tana kusa. Cikon azurfa ƙarfe ne, zafi da sanyi suna ratsa shi. Shi ya sa aka koya mana shimfiɗa biyu a rami irin wannan: farin maganin kalsiyam daidai kan jijiya, simintin haƙori a bisansa, sannan ciko. Ɗanyen simintin yana da tsami mai ƙona jijiya, ba a ɗora shi kai tsaye.

Na matse bututun kalsiyam, babu ko ɗigo. A mulkin sojan nan kaya ba sa shigowa, kowa ya sani. Amma ba zan fake da wannan ba. Akwai kwaɓin man kanumfari a gabana, wanda ake cika rami da shi na ɗan lokaci. Shi ya kamata in sa, in ce ya dawo.

Ta ƙofa ina jin abokansa a kan benci suna cewa yau daktora, wato ni, za ta sa wa babanta Malam Isa azurfa. Na ji kunyar ya fita da farin kwaɓi kamar wadda ba ta iya aiki ba. Na dama siminti, na shimfiɗa, na cika. Ya fita yana buɗe musu baki.

Na tuna ranar da haƙorina ya hana ni zuwa makaranta. Kika tauna kanumfari, kika danna mini da ɗan yatsa, kika zauna har na daina kuka. Ke da ba ki yi karatu ba, da kin zaɓi daidai.

Kullum na tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Amma kin sha faɗa mini: "Babanki ba ya cewa ciwo. Ki dubi kofin shayinsa." Na duba, Inna. Mutumin da ke shan shayi yana tururi, yanzu sai ya huce. Ya daina shan ruwan randa. Jiya ya kurɓa sau ɗaya, ya dafe muƙamuƙi, ni kuma ina kallon agogo. Minti huɗu bai sauke hannu ba. In da daƙiƙu kaɗan ne, da na ce jijiyar za ta farfaɗo.

Shekaranjiya wani tsohon mai saye ya tare ni a layinmu, ya ce agashen Baba ya cika gishiri. Baba ya daina ɗanɗanawa ke nan.

Na bi shagunan magani tun daga kasuwar Suk al-Shabi har Umdurman, ban sami kalsiyam ba. Kayan kashe jijiya a tsira da haƙori babu su a wurinmu. In ta mutu, cirewa ce, kuma da hannuna.

Gobe da safe zan faɗa masa ni ce na jawo, ba tsufa ba kamar yadda yake zato. Zan fasa azurfar da ya nuna wa rabin kasuwa, in sa kanumfarin, in jira. Ban san yadda zan fara ba. Ke ce mai fara masa magana mai nauyi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya gafarta miki, Ya bar wa Baba haƙorin nan, Ya daidaita hannuna gobe.

Ga shi can a tsakar gida, Inna. Kofin yana gabansa, bai taɓa ba.

'Yarki,
Safiya